Shekarar Ɗanyen Attaruhu

Na san abin da kuka ji. Baffanku Lawal ya sha faɗa a gabanku, wani lokaci da dariya, wani lokaci ba dariya, cewa barkono ne ya hana ni zuwa in ga mahaifiyata kafin ta rasu. Kun ga ba na tanka masa, don ni ban iya magana a cikin taro ba, tun ina yaro haka nake. Yanzu da idanuna suka fara gajiya, ina so in rubuta muku yadda abin ya kasance, ku karanta a natse. Ke Ummi, ke ya fi shafa, domin a shekarar kina cikin mahaifiyarku.

Ina karatun digiri na biyu a Madina aka ba ni izinin ɗauko iyali. Mahaifiyarku Rabi ta iso da sanyi, muka kama ɗaki a saman wani gida a Harra ta Yamma, unguwar da aka gina a kan baƙaƙen duwatsu. In rana ta yi, sai ka ga iska tana rawa a samansu kamar ruwa. Mai gidan wata tsohuwa ce, Hajiya Zahra'u, jikokinta suna ce mata Sitti, wato kaka, mu ma muka bi su. A goye aka shigo da ita ƙasar: mahaifiyarta ta taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ta haife ta a Sudan, ta ƙaraso da ita. Sitti ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausar bakinta irin ta tsofaffin ƙauyenmu ce, sai dai Larabci yakan faɗo mata a tsakiyar magana. Tana yi wa jikoki faɗa da Hausa, suna ba ta haƙuri da Larabci. Daga tagarmu nakan ji su ina karatu, har muryoyin su narke su koma kamar na gidanmu a Malumfashi, sai an kira salla in tuna inda nake.

Ba a daɗe ba Rabi ta samu juna biyu, laulayi ya kama ta da ƙarfi. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Shinkafar ƙasar mai yawan kayan ƙamshi ko warinta ba ta son ji. Wuyanta ya rame, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. An yi mata ƙarin ruwa a ƙaramin asibitin unguwa, likitar ta ce mini in ba ta fara riƙe abinci ba, cikin ba zai zauna ba, ita ma kanta ana ji mata tsoro. Muka dawo gida. Tana kwance tana kallon fanka, sai ta ce:

"Malam, da zan samu ɗanyen attaruhu, koren nan da bai nuna ba, a jajjaga shi da albasa da ɗan gishiri, a zuba man gyaɗa, ina jin da na ci tuwo."

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauka kafin la'asar na kawo.

Koren barkono ba ya wuya a Madina. Kowane kanti na unguwa yana da shi a kwali kusa da tumatir. Na sayo, Rabi ta tsaga ɗaya da farce, ta kai hanci, ta miƙo mini.

"Wannan ruwa ne a cikin riga," in ji ta.

Daga nan na shiga yawo. Ni da ban san hanya ba sai ta jami'a da ta masallaci, na koyi kasuwar kayan miya da lokacin da motoci suke sauke kaya. Akwai mai kauri da ake kawowa daga Masar, akwai dogo siriri na mutanen Indiya, akwai wani gajere mai sheƙi da ban san daga ina yake ba. Kunya ta sa nakan tsaya a bakin rumfa in shirya maganata a zuci, in na buɗe baki kuma sai Larabcin littafi ya fito, masu kaya su yi ta murmushi suna ce mini ustaz. Kowane iri nakan ware shi a ledarsa don kada ƙamshinsu ya gauraya. Da kasuwa ta ƙare mini na koma gidajen abinci na titin Sultana. A wurin Yamalawa na karɓo wani jajjagen kore da suke ci da gurasa. A wurin ’yan Sudan na karɓo nasu mai haɗe da tunkuza. Shi siririn na Indiya, Rabi ta ɗanɗana a harshe, hawaye ya zubo mata, ta yi ’yar dariya, ta farko a cikin makonni.

"Wannan faɗa kawai ya iya, Malam. Namu kafin ya yi faɗa sai ya yi sallama."

Na gane abin da take nufi. Attaruhunmu yana da wani ƙamshi da yake riga zafin isowa, kamar na ɗanyen mangwaro da ƙasar da aka yi wa yayyafi. Shi take nema. A wani lungu na Sultana na samu mai tsire, mutumin Chadi, na yi murna na ce yau na dace. Ya saurare ni yana juya tsinke, ya girgiza kai.

"Ustaz, busasshe muke da shi, alhazai ke kawowa. Ɗanye ba ya jure hanya. Kafin su bar sansanin alhazai jirgi ya tashi da su, ya ruɓe a jaka."

Maganarsa ce ta tuna mini ina da busasshen a gida. Duk shekara Inna takan aiko mini da ƙullin attaruhu ta hannun alhazan garinmu. Na fasa ’yan kaɗan, na tsince ƙwayoyin a kan farar takarda, na zaɓi masu cika. Na samo gwangwanayen madara, na huda gindinsu, na zuba ƙasa da taki, na jera a saman soro inda inuwar tankin ruwa take faɗawa. Safe da yamma ina ba su ruwa da cokali. Kafin in tafi jami'a sai na durƙusa na leƙa kowanne. Har mafarki na yi soron ya zama lambu, kore har bakin katanga, Inna tana tafe a ciki da ƙwarya. A farke kuwa ko tsinke bai fito ba.

Wata safiya Sitti ta hau shanya, tana hawa tana hutawa, ta same ni a tsugune.

"Kai ɗan nan, me ka binne kake yi wa ta'aziyya kullum?"

Na gaya mata. Ta ce in kawo ragowar ƙullin. Ta ɗauki ɗaya ta sansana, ta tauna ƙwayar da ’yan haƙoranta, sai ta fashe da dariya har tana dafa tanki.

"Ya waladi, uwarka mace ce mai tattali. Ta gasa shi a kasko kafin ta ƙulle, don kada ya yi fumfuna a hanya. Haka uwata take ba da labarin ana yi wa matafiyi. Iri ya mutu tun a Malumfashi, kai kana nan kana shayar da shi da cokali!"

Na ji kamar in nutse. Ta daina dariya da ta ga fuskata, ta tambaye ni yarinyar ce ke so. Na ce ita ce. Ta kalli wajen kudu, inda dabinai suke yin duhu-duhu a bayan gidaje.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun farko? Kullum ka wuce ni da leda kamar mai ɓoye sata. Uwata ta shigo ƙasar nan da iri a ƙulle a bakin zanenta, ɗanye, ba ta gasa ba, don ita ta san ba komawa za ta yi ba. A gonarmu ta Ranuna ta shuka. Ban sani ba ko da saura. Yaran nan shaɗɗa suke ci, yajin nan na kwalba."

Ranar Alhamis ɗanta Bakur ya ɗauke mu a motarsa, ni da Sitti. Mutum ne mai fara'a, direban motar ɗaukar marasa lafiya, yana jin Hausa sarai amma rabi da rabi yake mayarwa. Duk hanya yana tsokanata.

"Wallahi ya ustaz, mutane suna zuwa Madina neman ilmi, kai ka zo neman filfil, barkono. In ka gama a ba ka takardar shaida a kai."

"Rufe mana baki," in ji Sitti. "Kai da aka yi cikinka ƙasa na ci, wa ya yi mini dariya?"

Gonar tana kusa da Ƙuba, ’yar ƙarama, dabinai ne da wata tsohuwar rijiya mai inji. Muka bi bayan Sitti tana dogara sanda har ƙarshen katanga. A can, cikin ciyawa, akwai wasu ’yan itatuwa da ba su wuce gwiwa ba, jikinsu ya yi kauri ya bushe, ganyen ya yi rawaya. Shekara da shekaru ’ya’yan suna faɗuwa suna tsirowa da kansu, ba mai kula. Na ɗaga wani reshe, sai ga su a ƙarƙashi, kore, masu lanƙwasa kamar an tsuke bakin jaka. Na tsaga ɗaya da farce yadda Rabi take yi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Dabinai suka ɓace mini, na ga fadamar bayan gidanmu da safe, raɓa a ƙafata, Inna a gaba ta ɗaure zane a ƙirji tana cewa in bi a hankali kada in taka mata kunya. Sai da Bakur ya taɓa kafaɗata.

"Ustaz, ka tafi Najeriya ba biza?"

A ranar Sitti da kanta ta jajjaga shi a turminta na dutse, ta tuƙa tuwo. Ina zaune a bakin ƙofa da littafi a buɗe, ban karanta ko layi ɗaya ba, ina jin ƙarar cokali. Rabi ta ci loma, ta jira. Ta ƙara. Ta cinye malmala guda, ta kwanta ta yi barci, abincin ya zauna.

Daga nan kullum sai da shi. In akwai, ta ci. In babu, laulayin ya dawo kamar jiya ya fara. Itatuwan kuma ’ya’ya kaɗan suke bayarwa, ba a tara su. Na gwada ajiyewa a firji, bayan ’yan kwanaki ƙamshin ya gudu, ta tsaga ta miƙo mini. Na sayi tsohon keke na riƙa zuwa Ranuna. Na cire ciyawa, na yi musu kewaye. Na lura ruwan rijiyar yana da gishiri-gishiri, dabino yana so, su kuwa shi ke ƙona musu ganye. Sai na riƙa ɗebo ruwan daɗi a jarka daga famfon sadaka na bakin hanya, in ɗaure a bayan keke. Suka farfaɗo, suka yi sabon ganye, suka fara fure fari ƙanana.

Ana haka zafi ya shigo, hutun ƙarshen shekara ya matso. A lokacin jami'a takan ba kowane ɗalibi tikitin zuwa gida. Ban taɓa fashin zuwa ba. A wannan shekarar kuma saƙo ya zo cewa ƙafafun Inna suna kumbura, ba ta zuwa fadama, tana tambaya yaushe zan iso. Likita ta ce Rabi ba za ta hau jirgi ba. Zama a wurin Sitti ba zai gagare ta ba, amma wa zai je Ranuna? Bakur zai kai iyalinsa Ɗa'ifa su sha iska har zafi ya sauka. Sitti ba ta iya ɗaga jarka. Zafin Madina kuwa in iskar nan mai kamar bakin tanderu ta taso, yini biyu ba ruwa ya isa ya kashe abin da ya fi waɗannan ƙarfi.

Rabi ce ta fara magana, tana ninke mini kaya tun ban ce zan tafi ba.

"Ka tafi, Malam. Uwa ce. Ni zan daure, ai na ji sauƙi."

Na kalli hannunta a kan rigar. Awarwaron ya fara tsayawa inda ya kamata. Na tuna yadda yake zamewa. Na sauka wurin Sitti ko za ta zaɓa mini, ta ce:

"Ni ba zan ce ka tafi ba, ba zan ce ka zauna ba. Abin da na sani, in ka tafi, ka dawo ka tarar da itace."

Na yi istihara, na yi ta juyawa. A raina ina cewa ciwon ƙafa ne, Inna mai ƙarfi ce, baɗi sai mu je mu uku in ɗora mata jika a cinya. Na fasa tafiya, na mayar da kayan ma'ajiyarsu. Abokina Isiyaku, ɗan garinmu da muke karatu tare, shi zai tafi. Na ba shi dabino da turare da man zafi ya kai mata, na ce ya zauna ya gaya mata komai da bakinsa, har da labarin gwangwanaye.

Wannan bazarar tana dawo mini kamar abin da na gani a barci. Gari ya yi shiru, ɗalibai sun watse. In na yi sallar asuba sai in hau keke, jarka tana ƙara a bayana, duwatsun Harra suna huce zafin jiya. Na yi wa itatuwan rumfa da rassan dabino, ina matsar da ita yadda rana take juyawa. In na ba su ruwa sai in zauna a gindin katanga da littafin da nake bincike a kai, kurciyoyi suna kuka, injin rijiya yana bugawa can nesa. Sau da yawa barci yakan ɗauke ni, in ji kamar Inna tana tsinka a kusa da ni, har ina jin ƙarar ’ya’yan suna faɗawa ƙwarya. In farka in ga ba kowa sai inuwa ta matsa. In tsinki na ranar, in naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, in sa a aljihun ƙirji. Kafin in iso gida duk rigata ta ɗauki ƙamshin, Rabi takan ce tun ina matakala take jin isowata.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na je shagon waya na Sultana na kira gidan maƙwabcinmu mai tarho, kamar yadda na saba. Aka kira Lawal. Ya ce Inna ta rasu ranar Laraba, an kai ta. Ya ce shi kaɗai ya yi ta jigila da ita asibiti. Sannan ya ce:

"Yaya, barkonon ya yi ’ya’ya?"

Ya ajiye wayar. Na fito na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, masu shaguna suna ɗaga ƙofofi. Washegari da asuba na ɗaura jarka na tafi Ranuna, don ba wanda zai je in ban je ba. Na ba su ruwa ina kuka, na tsinko na kawo, Rabi ta ci tana kuka.

Da hutu ya ƙare Isiyaku ya dawo. Ya zo ya yi mini gaisuwa, muka zauna a soro. Ya ce ya same ta da sauran ƙarfinta, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, Lawal ya tafi kasuwa. Ya ba ta labari tun daga kantuna har gwangwanaye. Da ya zo wurin cokali, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ta ce, ‘Wato duk shekarun nan gawa nake aika masa!’ Da na ce mata ba za ka zo ba bana, sai ta ce, ‘Ka ce masa ya yi zamansa. Ni na ci tuwona na ƙoshi. Wanda ke tafe shi ke jin yunwa.’"

Ya buɗe jakarsa ya fito da ƙulli a cikin tsohon ɗankwalinta. Ya ce ta sa an tsinko mata jajaye daga lambu, ta shanya su da kanta a inuwa, tana juya su kullum daga inda take zaune. Da zai yi mata sallama ta ce ya gaya mini wannan bai ga kasko ba.

Na kai wa Sitti ta tauna ƙwaya ɗaya. Ta ce da ransa. Na shuka a gwangwanayen nan dai, da sanyi ya fara shigowa suka tsiro, na mayar da su Ranuna kusa da na mahaifiyar Sitti. A watan aka haife ki, Ummi, aka sa miki sunan Inna, shi ya sa ba mai kiran sunanki a gidan nan.

Sau ɗaya na gaya wa Lawal saƙon da Isiyaku ya kawo. Ya ce Isiyaku abokina ne, me zai ce in ba haka ba. Ban ƙara ba. Kada ku riƙe shi a rai. Shi ya ɗauke ta, shi ya ga abin da ban gani ba. Ni ma har yau in na rufe ido ina neman fuskarta ta ƙarshe, ba ni da ita, sai ta fadama. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban taɓa cewa kaɗan ne ba.

Attaruhun da ke bayan madafa, wanda kuke tsinka ba ku tambaya, jikan wancan ƙullin ne, ya gauraya da na Sitti a Ranuna har ba a rabe su. Na dawo da irinsa a aljihun ƙirji. In baffanku ya zo ya sake faɗa, kada ku yi masa gardama. Ku tsinko masa kore, ku jajjaga da albasa, ku kai masa da tuwo. Na lura ba ya bari. In kuma za ku aika wa wani a nesa, ku shanya a inuwa.